Fitilar Hazo ta Bayan Mota

Wanda ya taɓa bin hanyar Kagoro zuwa Manchok da asuba cikin watan Agusta ya san yadda hazo ya kan sauko daga kan duwatsu ya rufe hanya. Da hunturu kuma ƙura ce ta ke yin wannan aiki. Direba ya kan rage gudu, gama ba ya gani sosai. To, amma babbar motar da ke biye da shi fa, yaya za ta san yana nan?

Ƙananan fitilun baya ba su isa ba. Ƙarfin ƙwansu wat 5 ne kawai, hazo ya kan haɗiye haskensu. Saboda haka aka ƙago wata jar fitila mai ƙwan wat 21, watau daidai da fitilar birki, wadda a ke kunnawa sai lokacin hazo kaɗai. A Ingila doka ta tilasta sa ta a sababbin motoci tun 1980, shi ya sa motocin da a ke kawo mana daga Turai su kan zo da ita. Na Amurka kuwa da yawa ba su da ita, gama can ba dole ba ne. Mai irin wannan mota yana iya sa wa tasa.

Da fari sai a zaɓi wuri. Tun 1972 mu ke bin hannun dama a Nijeriya, don haka fitilar ta zauna a hagu, gefen direba, ko kuwa a tsakiya. In an sa ta a dama, na baya zai zaci motar ta fi matsawa gefen hanya, ya zo wucewa ya goge ta. Tsayinta daga ƙasa kada ya gaza santimita 25, kada ya wuce mita 1. A bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da fitilar birki, domin kada hasken biyu ya gauraya.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a kwance kan batir mai alamar ragewa. Sa'an nan a ɗaura fitilar da noti a ƙarƙashin bamba.

Yanzu ga inda aikin ya ke. Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar komowa, kamar yadda mu ke koya wa yara da batir da ƙwan tocila. A mota, jikin ƙarfen shi ne hanyar komowa. Don haka fitilar tana da waya biyu. Gajerar a ɗaure ta a jikin mota, bayan an kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Yawancin fitilun da ke ƙyaftawa ko yin dishi-dishi, daga nan ne ciwonsu ya ke.

Doguwar kuwa za ta tafi gaba. A jawo wuta daga wayar ƙaramin hasken manyan fitilun gaba, ta bi ta fis, ta shiga makunni kusa da sitiyari, daga nan ta bi ƙarƙashin shimfiɗar mota har baya. Lissafin fis ba wuya: a raba wat 21 da bolt 12, a sami amfiya 1.75. Fis mai amfiya 5 ya isa, a sa shi dab da inda aka jawo wutar. Duk inda waya za ta ratsa hudar ƙarfe, a sa mata zoben roba. In ba haka ba, gargadar hanya za ta sa ƙarfe ya yanke rigar wayar, wuta ta haɗu da jiki, fis ya ƙone, in babu fis kuwa mota ta kama.

Me ya sa ba a jawo wutar kai tsaye daga batir ba, tun da ya fi sauƙi? Domin mutum mai mantuwa ne. In ta bi ta fitilun gaba, da an kashe su ita ma ta mutu, batir ba zai kwana yana tsiyaya ba. Makunnin kuma ya zama mai ɗan haske ruwan ɗorawa, wanda zai riƙa tuna wa direba tana kunne.

Na taɓa ganin wani mai gyaran waya a Kafanchan ya haɗa ta da wayar birki, wai don ya rage tsawon waya. Wannan ba fitilar hazo ba ce, fitilar birki ce ta ƙari, ba ta kamawa sai an taka. Lokacin da a ke bukatarta kuwa shi ne sa'ad da mota ke tafiya a hankali ba a taka kome ba. Amma sababbin motoci masu kwamfuta, kada ɗan koyo ya yanka wayarsu, a kai wa gwani.

In an gama, a mai da kan batir, a kunna, wani ya tsaya a baya ya duba, a taka birki a ga ko ana rarrabe su. Ka'idar hanya ta Ingila ta ce ana iya kunna ta in ba a iya hangen mita 100. Da hazo ya washe sai a kashe, gama cikin dare mai haske tana kashe wa na baya ido, har ya kasa gane sa'ad da aka taka birki.