DASASHI DA ƘARFE: ABIN DA GWAJIN DABBOBI YA NUNA



Malamai sun san labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi da na zinariya. Ashe tun can an gane ba kowane ƙarfe ne nama yake yarda da shi ba.

A shekarar 1952 wani likita na ƙasar Suwidin, Branemark, ya sa ƙarfen titaniyam cikin ƙashin zomo. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya kama shi kam. A 1965 ya kafa wa mutum haƙoran farko bisa wannan ƙarfe.

To, saura dasashi, domin shi ne ganuwar da ke tsare ƙashi daga ƙwayoyin cuta. A 1991 masana na birnin Gotenbog suka gwada a bakin karnuka. Suka ga dasashi yana kewaye ƙusar ya rufe, amma zarurrukansa kwance suke a gefen ƙarfen, ba su shiga cikinsa yadda suke shiga saiwar haƙorin halitta ba. Wato ƙofa ta rufu, amma ba sakata. Wani gwajin na 2007 ya nuna rufewar ba ta ƙosawa sai mako 6 zuwa 8. Saboda haka ne ake sāke fuskar ƙarfen, ko nama ya fi riƙo. Amma bakin kare ba bakin mutum ba ne, shi ya sa likitoci suke bi a sannu.

Fatake da alhazan Illela, masu kai da kawowa tsakanin Sakkwato da Birnin Kwanni, su lura: haƙorin Makka sutura ce bisa haƙori, dashe kuwa tiyata ce cikin ƙashi. Wanda ya ba mai aikin gefen kasuwa bakinsa don araha, yana iya asarar dukiya da ƙashin muƙamuƙi gaba ɗaya. Mai bukata ya nemi likitan haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya bar taba, ya kula da ciwon sukari, domin dukansu suna jinkirta warkewa. Ya kuma lizimci asuwaki, ga sunna ga magani.

Allah Ya ba da lafiya.