Uwargida, Idan Injin Tace Ruwan Kifinki Ya Tsaya

Yau zancenmu ya fita daga kicin ya koma falo, wajen akwatin nan na gilashi da ake zuba kifayen ado a ciki. Wasu daga cikinmu yanzu sun wuce kifin ruwan daɗi, sun koma na teku, musamman ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi wanda yara suka sani tun fim ɗin Finding Nemo na 2003. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma kifin teku ba ya ɗaukar sakaci, kuma inda aka fi yin asara shi ne ranar da injin tace ruwa ya yi shiru.

A ce kin haɗa akwatinki, kin zuba yashi da duwatsu, kin kaɗa gishirin, wajen giram 35 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Ba gishirin miya ba fa, akwai na musamman da ake sayarwa domin wannan aiki. Sai wata safiya ki tashi ki tarar ruwa ya tsaya cik, babu motsi, babu ƙarar injin.

Abin da ya sa wannan ya zama abin tsoro shi ne, aikin injin ya wuce kwashe datti da ido ke gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce ga kifi. A cikin soson injin da jikin duwatsu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye wannan guba su mayar da ita abu mai sauƙin illa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Su ma da iska suke rayuwa. In ruwa ya daina bi ta kansu na tsawon sa'o'i, sai su fara mutuwa, wahalar makonni ta tashi a banza.

To, kafin komai, ki zare filogi daga bango. Ruwan gishiri da wutar lantarki ba sa ga maciji, kada ki kuskura ki tsoma hannu alhali injin yana jone.

Daga nan sai ki ceci soson. Ki ɗebi ruwan akwatin a bokiti mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ko omo ba, ki ciro soson ki tsoma a ciki. Kada ki kai shi bakin famfo ki wanke, domin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan. Na san hannunmu ya saba da dirza abu sai ya yi fes, amma nan wurin tsabtar da ta yi yawa ɓarna ce. Matsa shi sau biyu ko uku a cikin ruwan bokitin ya isa.

Sannan ki buɗe injin. Sau da yawa ba ƙonewa ya yi ba. A cikinsa akwai wata 'yar farfela mai maganaɗisu da ke juyawa ta tura ruwa, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan ƙaramin dodon koɗi ya isa ya maƙale ta. Sabon akwati ma ya fi fama da wannan, tunda yashinsa bai gama kwanciya ba. Ki zaro ta a hankali, sandar tsakiyarta tana da saurin karyewa. In kin ga farin ɓawo ya daskare a jikinta, ki jiƙa ta a ruwan khal na ɗan lokaci, ki goge da tsohon buroshin haƙora, ki ɗauraye sosai. In kuwa injin yana ƙara amma ruwa ba ya fita, iska ce ta shiga tiyo, sai ki cika shi da ruwa kafin ki kunna. Barinsa yana aiki a bushe shi ne ke ƙona shi da gaske.

Ruwan da ya kwana a cikin injin kuma, ki shinshina shi. In kin ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ki zubar da shi waje, kada digo ɗaya ya koma akwatin.

Idan gyaran ya faskara, ko kuma wuta aka ɗauke, abin da bai zama baƙo a gidajenmu ba, to aiki ya dawo hannunki. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, kuma da zafin bazara abin yana ƙara tsanani. In kin ga kifi ya taso sama yana haki, lokaci ya ƙure. Ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina kwararo shi daga sama a kai a kai. Yara ma za su iya karɓarki. Wadda ta tanadi ɗan famfon iska mai aiki da batir ta huta da wannan wahala, kuma a ganina ya kamata a saye shi tun kafin a sayi kifin.

Ki tsayar da ba su abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar ba za ta kashe su ba, ƙarin datti ne zai kashe su. Ki kwashe kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, ki mayar da sabo wanda kika kaɗa da gishirinsa a bokiti tun da wuri. Amma wanda ya ƙafe da kansa, kamar yadda ake gani da hunturu, da ruwa zalla marar kulorin ake cike gurbinsa, domin gishiri ba ya bin iska.

In kuwa ba ki riga kin zuba kifi ba lokacin da injin ya lalace, ki gode wa Allah. Ki gyara, ki ƙara haƙuri, ki auna ruwan da ɗan kayan gwajin amoniya. Sai ya nuna babu ko kaɗan sannan ki kawo kifi, shi ma ɗaya ko biyu tukuna.