Kyautar Facebook Da Mutanen Indiya Suka Mayar

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairun 2015 ne kamfanin Facebook ya haɗa kai da Airtel suka kawo wani tsari nan Ghana mai suna Internet.org, wanda daga baya aka sake masa suna Free Basics. Mutum zai buɗe wayarsa ya shiga Facebook marar hotuna da wasu shafuna ƙalilan na labarai da lafiya da neman aiki, ba a cire masa ko sisin kwabo. Mu dai a zango karɓa muka yi da hannu biyu, don wanda kuɗin data ke ci wa tuwo a ƙwarya ba ya tsayawa tambayar dalilin kyauta.

Wata guda bayan haka aka kai wannan tsari Indiya ta hannun kamfanin Reliance. Can kuwa sai da aka shekara ana ja-in-ja, a ƙarshe aka mayar wa mai kyauta kayansa.

To, me ya kai su ga ƙin abin da ba a biya? Mu ɗauka mai kasuwa ne ya ce duk wanda zai je rumfar abokinsa ya shiga kyauta, amma mai zuwa sauran rumfuna sai ya biya kuɗin ƙofa. Ba a jima ba rumfar abokin za ta cika, ƙaramin ɗan tireda kuwa ya kwashe kayansa, ko da nasa sun fi kyau. Kamfanin waya shi ne mai ƙofar. Ƙa'idar da ake faɗa a kanta ita ce rashin fifiko a intanet, wato kamfanin ya kai kowa inda ya nufa, kada ya rage wa wani shafi gudu, ya ƙara wa wani, ko ya yi wa wani rangwame don sun shirya a bayan fage. Wani malamin shari'a na Amurka, Tim Wu, shi ya raɗa wa ƙa'idar suna a 2003.

A watan Maris na 2015 hukumar kula da sadarwa ta Indiya, wato TRAI, ta fitar da takarda mai shafi 118 da tambayoyi 20, ta ce jama'a su faɗi ra'ayinsu. Irin wannan takarda a da lauyoyin kamfanoni kaɗai ke karanta ta. Sai wasu 'yan sa-kai, cikinsu har da lauyoyi da 'yan jarida da masana kwamfuta, suka zauna suka warware ta cikin sauƙin harshe, suka tsara amsar kowace tambaya yadda mutum zai karanta, ya gyara in yana so, ya aika. Wasu 'yan wasan barkwanci kuma suka yi bidiyo a kai, ya bazu ko'ina. Kafin wa'adi ya cika a watan Afrilu, wasiƙu fiye da miliyan ɗaya sun isa hukumar. (Hukumar ta yi wani kwaɓa a nan: ta wallafa adireshin imel na waɗanda suka rubuto, kowa na gani.)

Da aka sake buɗe ƙofar jin ra'ayi a watan Disamba, Facebook ya fito da ƙarfinsa. Ya sayi cikakkun shafuna a jaridu, ya kafa allunan talla, shi kansa Mark Zuckerberg ya yi rubutu a jarida yana kare tsarin da cewa talaka ne zai amfana. Wannan hujja ba ta banza ba ce, mu ma mun san daɗin kyautar. Amma kamfanin ya shirya saƙo guda ya sa masu amfani da shi su danna ya tafi, saƙon kuwa cewa kawai yake suna goyon bayan Free Basics. Hukumar ta ce ita ba wannan ta tambaya ba, ta tambaya ne ko ya dace farashin data ya bambanta daga shafi zuwa shafi, kuma jin ra'ayin jama'a ba ƙidayar ƙuri'a ba ce. A ganinmu nan ne shari'ar ta karye. Ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da shiryayyen rubutu, amma ɗaya ya amsa abin da aka tambaya, ɗaya kuwa taro kawai ya tara. Ranar 8 ga Fabrairun 2016 TRAI ta haramta bambanta farashi bisa abin da mutum ke dubawa, ta sa tarar rupi 50,000 a kowace rana ga wanda ya saɓa. Free Basics ya rufe a Indiya.

A Amurka abin bai yi kyau haka ba. Lokacin da hukumarsu ta FCC za ta soke dokar rashin fifiko a 2017, saƙonni sama da miliyan 22 suka shigo. Binciken ofishin babbar lauyar jihar New York a 2021 ya gano kusan miliyan 18 na jabu ne. Fiye da miliyan 8 sun fito daga kamfen ɗin da kamfanonin intanet suka biya, da sunayen mutanen da ba su san an yi ba, wani ɗalibi ɗan shekara 19 kuma shi kaɗai ya ƙirƙiro miliyan 7.7 don goyon bayan dokar. An maido da dokar a 2024, kotu ta sake rushe ta a Janairun 2025.

Mu dawo gida. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, wadda aka kafa a 1996, ita ma takan fitar da daftarin ƙa'idoji ta nemi ra'ayin jama'a, kuma ita ce a 2020 ta ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa. Sanarwar da Turanci take fitowa, a shafin intanet, da wa'adi. Mai sayar da waina a Nima da ɗan kasuwar shanu a Kumasi da ke aika saƙon murya ta WhatsApp kullum ba za su gan ta ba, alhali su ne farashin ke taɓawa. Muna da 'ya'ya da suka yi karatun lauya da na kwamfuta, muna da ƙungiyoyin matasa da sarakunan zango masu hatimi. Aikin da 'yan sa-kan Indiya suka yi bai wuce su ba: a karanta takardar, a fassara tambayoyinta da Hausa, a kai ta masallaci da majalisa, sannan a rubuta amsa da sunan ƙungiya kafin wa'adi ya wuce.