Farar ƙasa ko fenti? Yayin shafe murhun jan bulo a Amurka

A gidaje da dama da aka gina a Amurka cikin shekarun 1960 da 1970, abin da ke fara cika wa baƙo ido a falo shi ne murhun ɗumama ɗaki: ƙaton gini na jan bulo, wani tun daga ƙasa har rufi, da bututun hayaƙinsa. A da abin taƙama ne. Matasan da ke sayen gidajen yanzu kuwa cewa suke yana sa ɗaki duhu. Rushe shi sai mai kuɗi, don haka aka koma shafa masa fari. Shirin talabijin na Fixer Upper, wanda Chip da Joanna Gaines suka gabatar daga garin Waco na jihar Texas tsakanin 2013 da 2018, ya taimaka wajen yaɗa son farin bango irin na gidan gona.

Aikin ba ya buƙatar magini. Da farko a goge kunkunniya da buroshi mai tauri da ruwan sabulu, domin duk inda ta saura za ta ɓullo ta cikin farin. Idan ya bushe, sai a shimfiɗa leda a ƙasa, a dama farin fentin ruwa da ruwa, galibi rabi da rabi. Ana shafa bulo uku ko huɗu, a bi su da tsumma ana dangwalawa kafin su sha iska, yadda jan zai riƙa leƙowa. Nan ne masu garaje ke ɓata aiki. Bulo yana shan ruwa sosai, shafin farko zai yi fari fat, jim kaɗan ya dusashe. Mai haƙuri zai jira ya ga inda launin ya tsaya. Marar haƙuri ya yi ta ƙarawa har murhun ya koma kamar bangon asibiti. Cikin ramin da wuta ke ci kuwa, fentin gida ba ya zuwa can sam.

Sai dai a ganina wannan kwaikwayo ne kawai. Ainihin sana'ar ta farar ƙasa ce, wadda Bahaushe ma ya san ta a bangon ɗaki. Ana ƙona dutsenta a zafin da ya kai kusan digiri 900, a jiƙa da ruwa, a tsinka. Da an shafa, sai ta riƙa zuƙar iskar kabon sannu a hankali har ta sake zama dutse a jikin bulon. Shi ya sa ba ta ɓarewa kamar fenti, kuma ba ta tsare danshi a cikin bango. Ita aka shafa wa fadar White House a 1798 don kare duwatsunta daga illar sanyi, kafin a yi mata fenti a 1818. Farar ƙasa tana da kaifi, tana cin fata, saboda haka safar hannu da tabarau dole ne. Kuma sai an jiƙa bulon kafin a shafa, in ba haka ba ta bushe da wuri ta zama gari.

Babban bambancin yana bayyana ranar da yayi ya wuce. Farar ƙasa tana wankuwa tun tana sabuwa, daga baya ma ana iya kankare ta. Fenti kuwa yana shigewa cikin ƙofofin bulo, fitar da shi sai da sinadari da doguwar wahala. Wasu kan yi masa feshin yashi da inji, amma hukumar National Park Service, mai ba da shawara kan tsofaffin gine-ginen Amurka, ta daɗe tana gargaɗi cewa hakan yana cinye fuskar bulo mai tauri, ya bar cikinsa mai laushi a fili. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin gidaje ke cewa a fara gwadawa a kan bulo ɗaya da ke lungu, a bar shi ya kwana.