Nvidia, AMD da Intel: Inda bambancin katunan hoton kwamfuta yake

Mai shagon tace bidiyo ko buga allunan talla da ya shiga kasuwa neman katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta, zai tarar da sunaye 3: GeForce na kamfanin Nvidia, da Radeon na AMD, da Arc na Intel. Kowane dillali nasa yake yabo, alhali kuskuren zaɓi na iya jawo asarar dubban ɗaruruwan naira.

Nvidia, wanda aka kafa a Amurka a 1993, shi ne ke da kaso mafi tsoka a kasuwar. AMD ya shigo fagen ne a 2006 da ya sayi kamfanin ATI na ƙasar Kanada, shi kuwa Intel sai a 2022 ya fito da Arc.

Ingancin hoto

A aikin yau da kullum, ido ba zai iya raba katunan ukun ba, domin launi da tsabtar hoto sun fi ta'allaƙa da ingancin allon da aka jona. Bambancin yana bayyana ne a dabarun da kowane kamfani ya ƙara.

A 2018 Nvidia ya fito da jerin RTX 20, mai iya bin sawun haske, wato lissafa yadda haske ke faɗa wa abu ya dawo, ta yadda inuwa da ƙyalli za su yi kama da na zahiri. AMD ya bi sahu a 2020 da jerin RX 6000, amma ya daɗe yana baya a wannan fanni.

Dabara ta biyu ita ce zana hoto ƙarami sannan a faɗaɗa shi don rage wa katin nauyi. DLSS ta Nvidia tana amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma a katunan RTX kaɗai take aiki. FSR da AMD ya fitar a 2021 tana aiki har a katunan abokan hamayya, sai dai hotonta kan yi rawa a kan siraran abubuwa kamar waya da ganye. Fitowa ta 4, wadda ta zo a 2025, ta rage wannan giɓi ƙwarai.

Aikin sana'a

Ga mai neman abinci da kwamfuta, tambayar farko ita ce wace manhaja yake aiki da ita. Yawancin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da na zanen gine-gine sun fi jituwa da tsarin CUDA, wanda mallakin Nvidia ne.

AMD da Intel kuma sukan ba da ma'adana mafi girma a kuɗi ɗaya, abin da ke da amfani wajen tace bidiyo mai nauyi. Misali, RTX 4060 ya fito a 2023 a kan dala 299 da ma'adanar gigabait 8, yayin da Arc B580 ya fito a ƙarshen 2024 a kan dala 249 da gigabait 12.

Direba

Direba ita ce manhajar da ke fassara umarnin kwamfuta ga katin, kuma idan ta samu matsala, kati mai tsada ma yakan daskare a tsakiyar aiki. Nvidia yana fitar da iri biyu: Game Ready don masu wasanni, da Studio wadda ake daɗa gwadawa da manhajojin sana'a. Direbobin AMD sun yi fice a tsarin Linux saboda a buɗe suke ga kowa. Na Intel sun sha suka a farkon fitowar Arc, musamman a tsofaffin wasanni, kafin a yi ta gyara su. Har wa yau, Arc ba ya nuna cikakken ƙarfinsa a tsohuwar kwamfutar da ba ta da tsarin Resizable BAR.

Wuta da kayan hannu

A inda ake dogaro da janareta ko sola, cin wuta abin dubawa ne. RTX 4060 yana jan wat 115, RX 7600 na AMD wat 165, babban RTX 4090 kuma wat 450.

Akwai buƙatar taka-tsantsan da kayan hannu. Bayan da Ethereum ta daina haƙar kuɗin kirifto da katunan hoto a watan Satumban 2022, ɗimbin katunan da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Ya kamata mai saye ya sa a kunna katin a gabansa, a ɗora masa aiki mai nauyi, ya duba zafinsa da ƙarar fankarsa kafin ya biya.

Shi kuwa ma'aikacin da aikinsa bai wuce rubuta wasiƙa da lissafi a Excel ba, sashen hoton da ke cikin yawancin kwamfutocin ofis ya wadatar da shi.