Ruwa a Cikin Tankin Man Jirgi

Mu mutanen ƙasar Yawuri, da yawanmu sai mun shiga jirgin ruwa mai inji kafin mu kai kasuwa ko gona, balle tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ƙara faɗi. To, ka taɓa jin inji yana ta tari a tsakiyar kogi, can sai ya yi tsit? Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, ruwa ne ya shiga cikin mai.

Ga yadda abin yake. Ruwa ya fi fetur nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, ta fetur kuwa wajen kashi 3 cikin 4 na kilo. Saboda haka ruwan kwanciya yake yi a ƙasan tanki, bakin tiyon da ke zuƙo mai kuma a can ƙasan yake. Ka ga ke nan ruwan zai riga man isa kafireta, shi kuwa ba ya cin wuta.

Ta ina yake shiga? Ta murfin da bai rufu sosai ba, in ana ruwan sama ko igiyar ruwa ta fantsamo. Ta jarka ko duron da aka bari a buɗe. Sannan tankin da ya kwana rabinsa iska, in sanyin dare ya sauka, yakan yi gumi daga ciki.

Maganin kuwa a bakin gaɓa ake yinsa, tun ba a ɗauki kowa ba. A sami kwalba wadda ake ganin cikinta, a cire tiyo daga jikin inji, a matsa famfon roba a tari man da ya fara fitowa. A ajiye ta minti 5. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, mai na bisa, da layi tsakaninsu.

In an gani, sai a fito da tankin tudu, nesa da wuta da masu shan taba, a juye shi duka cikin wani mazubi. A kwance ɗan kusan da ke gindin kafireta ruwan ciki ya tsiyaye, a goge filogi, sannan a zuba mai mai tsabta. Kada a zuƙi fetur da baki, kada kuma a zubar da gurɓataccen a kogi. Kifi na ciki, mu ma shi muke sha.

Ya kai ɗalibi, wannan aikin manya ne, naka shi ne tuni. Ka karanta wa Baba ko Yaya, cikin ladabi. Duk wanda ya ɗauki mutane a jirgi amanar rayuka ya ɗauka, kada ya tashi babu filafili da gora. Allah ya tsare mu, amin.