Ali Ndume: Sanatan da furucinsa ke janyo masa hukunci daga jam'iyyarsa

Tun 2003 Mohammed Ali Ndume yake Majalisar Tarayya. Ya fara da wakiltar Chibok, Damboa da Gwoza a Majalisar Wakilai ƙarƙashin ANPP, ya zama Sanatan Borno ta Kudu a 2011 a PDP, daga bisani ya koma APC. A tsawon wannan lokaci sau biyu ana tuɓe shi daga muƙamin jagoranci, an kuma dakatar da shi sau ɗaya. Duka ukun suna da nasaba da abin da ya furta.

Hukunci uku

A watan Janairun 2017 sanatocin APC suka cire shi daga kujerar Shugaban Masu Rinjaye. Shi kansa ya danganta hakan da matsayinsa cewa Majalisar Dattawa ba ta bi ƙa'ida ba wajen ƙin tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC.

A watan Maris na shekarar aka dakatar da shi wata shida, bayan ya nemi a binciki zarge-zargen da jaridu suka buga kan Shugaban Majalisar, Bukola Saraki, da Sanata Dino Melaye. Kwamitin ɗa'a ya wanke su biyun, hukunci ya faɗa kan mai neman binciken. Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa doka, amma kafin nan Borno ta Kudu, yankin da Boko Haram ta ɗaiɗaita, ta shafe watanni ba ta da murya a zauren.

Na uku ya zo a Yulin 2024. Ndume ya koka a talabijin kan yunwa da tsadar rayuwa, ya ce an katange Shugaba Bola Tinubu daga masu faɗa masa gaskiya. Cikin 'yan kwanaki wasiƙar shugabancin APC ta isa majalisa, aka karɓe masa muƙamin Mai Tsawatarwa aka bai wa Sanata Tahir Monguno. Daga baya ya nemi afuwar jam'iyya kan rashin tuntuɓar ta tukuna, sai dai bai janye maganar ba.

Inda ya tsaya

Akasarin kalamansa a zamanin Tinubu kan rabon arziki da iko suke. Ya soki mayar da wasu sassan Babban Banki da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama zuwa Legas a farkon 2024. A ƙarshen shekarar ya yi watsi da ƙudurorin gyaran haraji tun kafin a fara muhawara a kansu. Tinubu ya sa musu hannu a Yunin 2025, amma harajin VAT ya tsaya a kashi 7.5 cikin ɗari maimakon ƙarin da aka nema, bayan matsin lambar gwamnoni da 'yan majalisa.

Ba duk furucinsa ne ya samu karɓuwa ba. A Mayun 2024 ya sha suka da ya nuna cewa satar 'yan siyasa ƙarama ce, domin da jama'a suke raba abin da suka ɗiba. Masu sukarsa kuma na tuna cewa shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Godswill Akpabio a 2023, wato yana cikin waɗanda suka kafa shugabancin da ya sanar da tuɓe shi.

Abin da ya shafi mai zaɓe

Tsarin mulki ya ɗora wa majalisa aikin sa ido kan ɓangaren zartarwa. Idan wasiƙa ɗaya daga ofishin jam'iyya ta isa ta raba sanata mai shekara fiye da 20 a majalisa da muƙaminsa, sabon ɗan majalisa zai auna bakinsa sau goma kafin ya tambayi gwamnati inda kuɗin jama'a suka shiga.